Fafaroma Biyu, Ɗariƙa Ɗaya: Sharhi a Kan Fim ɗin The Two Popes

Fim ɗin The Two Popes na 2019, wanda Fernando Meirelles ya ba da umarninsa, ya kasa mabiya ɗariƙar Katolika gida biyu: Fafaroma Benedict mai riƙo da koyarwar magabata, da magajinsa Francis mai fifita jinƙai. Hirarsu ta yi armashi, amma kason bai cika ba, domin an manta da Afirka. A Disambar 2023, da fadar Vatican ta yarda limaman coci su sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka, ba tare da ɗaukar zamansu aure ba, yawancin bishof-bishof na Afirka, har da na Nijeriya, sun ƙi, kuma ba su janye mubaya'arsu ga Francis ba. Irin wannan saɓani cikin biyayya shi ne fim ɗin ya kasa hangowa.