Tsokaci a Kan Ma'ana da Asalin Kalmar "Bismutin"

Masu fassara kalmomin kimiyya zuwa Hausa sukan ɗauka cewa aro ta hanyar lafazi ya wadatar. Kalmar "bismutin" ta isa misali a kan raunin wannan ra'ayi.

A ilimin sinadarai, bismutin suna ne na iskar da ke samuwa idan ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfen bismut, mai lamba 83, ta haɗu da uku na haidirojin (BiH3). Fritz Paneth ne ya fara gano alamarta a 1918. Iska ce marar juriya, domin takan wargaje ko da a cikin sanyin da ya wuce na daskarewar ruwa.

Ta fuskar ƙira, kalmar gaɓa biyu ce: saiwa da ɗafa-ƙeya. Saiwar ta fito daga Jamusanci, "Wismut", wadda Georgius Agricola ya mayar Latinanci a ƙarni na 16. Daga nan manazarta suka rarrabu. Wasu sun danganta ta da wata tsohuwar magana ta Jamusanci mai nufin farin curi. Wasu kuma sun ja ta zuwa Larabci, "ismid", wato kwalli. Duka biyun hasashe ne da ya dogara a kan kamancin sauti, kuma kama da wane ba ta wane. Ɗafa-ƙeyar "-in" kuwa an kwaikwayo ta ne daga 'yan'uwan kalmar, wato fosfin da arsin da stibin, waɗanda duk haɗi ne da haidirojin.

Matsalar ita ce, a ƙarni na 19 an riƙa kiran wani dutsen ma'adini, haɗin bismut da farar wuta, da wannan suna, kafin a sauya masa zuwa "bismutinait". Haka nan ƙungiyar IUPAC, mai daidaita sunayen sinadarai, ta fifita "bismutan" a matsayin sunan iskar. Ke nan wanda ya ari kalmar da ka ya aro ta da ruɗaninta, ya bar ɗalibi bai san ko iska ake nufi ko dutse ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ari zuriyar kalmomin gaba ɗaya bisa ƙa'ida guda, a kuma bayyana aikin kowace ɗafa-ƙeya. Ta haka ne ɗalibin da ya san arsin zai gane bismutin ba tare da an fassara masa ba.