Nomadland: Fim Ɗin da Ya Fara da Sanyi, Ya Ƙare da Hasken Yamma

Duk mai yawan leƙa Instagram ko YouTube ya taɓa cin karo da irin hoton nan. An buɗe ƙofar bayan mota, ga gado da bargo mai kauri, ga kofin shayi yana tururi, can gaba kuma duwatsu ne da dusar ƙanƙara ta lulluɓe su fari fat. Galibi saurayi da budurwa ne, sun sayi motar kaya sun mayar da ita ɗaki, sun ce sun gaji da birni za su yi hunturu a kan hanya. Mu da sanyin ƙasarmu bai wuce na Disamba da Janairu ba, sai abin ya ba mu sha'awa. Ba a dai nuna mana daren da aka kwana kafin a ɗauki hoton.

Fim ɗin Nomadland, wanda Chloé Zhao ta ba da umarni ya fito a 2020, da wannan daren ya fara, shi ya sa muka ɗauke shi da muhimmanci. Ƙorafinmu a kansa shi ne bai daɗe a cikin daren ba. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, za mu taɓo ƙarshen labarin.

Akwai wani ƙaramin gari a jihar Nebada ta Amurka mai suna Empire. Kamfanin US Gypsum ne ya mallaki garin, gidajen da komai, saboda ma'adinin da yake haƙa yana yin allunan bango da silin. A ƙarshen Janairu 2011 kamfanin ya rufe masana'antar bayan shekara 88, kafin watan Yuli har lambar gidan wayar garin, 89405, an soke ta. Wannan duk ya faru da gaske. A kan wannan kufai aka ɗora Fern, wadda Frances McDormand ta fito a matsayinta: mace mai shekara sittin da 'yan kai, mijinta Bo ya rasu, garinta ya tashi. Ta zuba kayanta a ɗakin ajiya na haya, ta shiga tsohuwar farar motarta, ta kama hanya cikin ƙanƙara.

Minti ashirin ɗin farko su ne mafi kyau a fim ɗin, kuma sanyi ne ya yi musu kyau. Wajen da Fern take ya kai tudun Jos tsayi, sai dai a can da dare ma'aunin zafi yana sauka ƙasa da sifiri. Mota kuwa gwangwani ce. Ƙarfe ba ya riƙe ɗumi, numfashin mutum yana zama raɓa a jikin bango ya daskare, ruwan sha ya zama dutse a cikin jarka, batir ya rage ƙarfi. In an kunna abin ɗumama ɗaki na gas an rufe tagogi ruf, hayaƙin da ba a gani yana iya kashe mutum cikin barci, in an buɗe taga kuma ɗumin ya fice. Zhao ba ta tsaya yi mana wannan bayani ba, ta bar jikin McDormand ya yi. Mun ga yadda ta tsuguna a gefen shinge cikin fili fetal, mun ga yadda take dunƙulewa a cikin bargo. Akwai inda wata mata a gidan mai ta ba ta izinin kwana a harabarsu, sannan ta ce mata daren zai yi tsanani, akwai coci kusa da ke ba da wurin kwana. Fern ta yi godiya ta ƙi. A fuskarta aka ga dalili: ranar da ta kwanta a wannan gadon, ranar ta amince ta zama abar tausayi.

A nan ne fim ɗin ya taɓo wani abu da Bahaushe zai ji fiye da yadda masu shi suka zata. Wata yarinya da Fern ta taɓa koyarwa ta tambaye ta ko gaskiya ne ba ta da gida, ita kuma ta nuna mata cewa gini ne ba ta da shi. Turanci yana da kalma biyu da ke ba ta damar wannan rarrabewa. Mu kalma ɗaya gare mu, kuma in muka ce "ina gida?" ai ba bango muke tambaya ba, mutane muke tambaya. Da wannan ma'auni amsar Fern ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin mutanen ne ta rasa tun kafin ginin. Abin yabo, fim ɗin ya san haka, kuma a kan haka ya gina sauran tafiyar.

Inda muka fara rabuwa da shi shi ne wajen aiki. Fern tana aikin wucin gadi a katafaren siton Amazon a lokacin cinikin Kirsimeti. Wannan ma gaskiya ne: a 2008 kamfanin ya fito da wani tsari mai suna CamperForce, wanda a wancan lokacin yake ɗaukar mazauna mota, yawancinsu tsofaffi, na 'yan watanni, yana biya musu kuɗin wurin ajiye motar. A fim ɗin sito ne mai haske da tsabta, ana gaisawa, ana cin abinci tare ana dariya, Fern ma ta yaba da albashin. Ba a fi 'yan mintuna a ciki ba aka wuce.

To amma fim ɗin daga littafi aka ɗauko shi, littafin 'yar jarida Jessica Bruder mai wannan suna, wanda ya fito a 2017. Bruder ta yi shekara uku tana bin mutanen nan, ta sayi mota ita ma ta zauna a ciki, ta shiga aikin siton da kanta. Abin da ta ba da rahoto ya sha bamban: aikin awa goma ko fiye a tsaye, tafiyar da kan kai mil goma sha biyar a kan siminti cikin yini ɗaya, akwatunan maganin ciwon jiki na kyauta a manne a bango, ga na'urar hannu mai karanta lambar kaya tana lissafa saurin kowa. Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, wannan na'urar ta fi tsaya mana a rai. Mun san yadda ake gina irinta. Ana ba ta adadi, ita kuma ta auna mutum da adadin, ba ta da gurbin da za a rubuta cewa mai riƙe da ita shekararta sittin da biyar kuma gwiwarta tana ciwo. Mun kuma san bambancin fuskar manhaja da ake nuna wa mai saye da abin da ke gudana a bayanta. Zhao fuskar ta ɗauka. Ba mu ce lallai fim ya zama takardar ƙara ba, amma in ka shigar da kyamara cikin sito da sunan kamfanin ɓaro-ɓaro a bango, abin da ka tsallake ma magana ce ka yi.

Tsarin rayuwar nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Bayan sito Fern ta gangara kudu zuwa hamadar Arizona, garin Quartzsite, inda Bob Wells yake tara mazauna mota duk Janairu don can ba sanyi, kuma ana iya zama mako biyu a filin gwamnati ba a biya ko sisi ba. Da zafi ya shigo ta haura Dakota ta Kudu tana wanke banɗaki a sansanin 'yan yawon buɗe ido, ta yi aikin kicin, da kaka ta tafi Nebiraska aikin wata saiwa da ake tatsar sukari daga cikinta, sannan ta koma sito. Cin rani ke nan, ba wani abu ba. Sai dai ɗan ci-rani da ya baro ƙauyensa bayan girbi ya zo Kano ko Legas yana ga-ruwa ko gadi, saurayi ne ko magidanci, kuma da zarar hadari ya fara haɗuwa yana da gonar da zai koma. Waɗannan tsofaffi ne, kuma ba damina da za ta mayar da su ko'ina. Da yawansu rikicin kuɗi na 2008 ne ya cinye musu gida da ajiya. Linda May, wadda ta fito da sunanta na gaskiya, ta yi aiki tun tana yarinya, amma fanshon da gwamnati za ta ba ta a wata bai kai dala 600 ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Dabarar da fim ɗin ya yi don ya kauce wa wannan zafi ita ce Fern kanta. Babu ita a littafin, ƙirƙirarta aka yi. Kuma an ƙirƙire ta da ƙofofi a buɗe. Da motarta ta lalace, bakanike ya ce gyara dala 2,300, motar kuma duka-duka ba ta wuce dala 5,000 ba, akwai 'yar'uwarta mai rufin asiri da ta ba ta kuɗin, ta kuma ce ta zauna tare da su. Daga baya Dave, abokin tafiya da yake sonta, ya koma gidan ɗansa ya yi mata tayin zama. Aka ba ta ɗaki da gado mai laushi, cikin dare ta fita ta koma ta kwanta a mota. Sau biyu ana ba ta gida tana ƙi. Da haka tambayar ta sauya, daga me ya jefa tsofaffi kan titi zuwa me ya sa wannan matar ba ta iya zama. Tambaya ta biyun tana da daɗin kallo, ta farkon kuwa ita ce ke da mai laifi. Har 'yar'uwar tata aka sa ta kwatanta mazauna mota da Turawan da suka fara kutsawa yammacin Amurka da keken doki, wato an ɗaura wa dole rawanin jarumta.

Duk da haka za mu yi rashin adalci in muka ce labarin Fern ba shi da nauyi. Labarin takaba ne da ba ta ƙare ba. Bo ba shi da dangi, ba su haihu ba, sai take ganin in ta bar Empire kamar an share shi ne daga duniya, shi ya sa ta zauna har garin ya mutu a kanta. Tana sanye da zobensa, tana yawo da rigarsa. Faranta da mahaifinta ya ba ta, da Dave ya fasa su bisa kuskure, yadda ta zauna tana liƙa su da gam ya fi duk wani kuka da za a sa ta yi. McDormand ba ta roƙon tausayin mai kallo, wani lokaci ma tana da taurin kai mai ban haushi, kuma wannan ne ya sa muka yarda da ita.

Haka mutanen gaske da aka sa a ciki. Zaman da ake koya wa sababbin shiga yadda ake biyan buƙata a bokiti, da irin girman bokitin da ya dace da mai ciwon gwiwa, ya fi duk faɗuwar rana da ke fim ɗin gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Swankie, tsohuwar da ta yi wa Fern faɗa don ta shiga daji ba safayar taya, ita ma mazauniyar mota ce ta gaske. Amma ciwon dajin da aka ce zai kashe ta ƙage ne, da ranta ta halarci bikin Oscar na 2021, inda fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim, da ta darakta, da ta jaruma. Bob Wells kuwa, da yake maganar ɗansa da ya kashe kansa, gaskiyar rayuwarsa yake faɗa. Mai kallo ba shi da hanyar rarrabe wannan da wancan. Fim ɗin ya ari amincin da muke ba labarin gaskiya, ya kashe shi a kan ƙirƙira, kuma wannan yana damunmu fiye da yadda ya dami masu ba da kyauta.

Sai batun haske. Joshua James Richards, mai ɗaukar hoton, ya ƙware, amma kusan duk lokacin da aka fito fili sai a same shi dab da magariba ko da sassafe, sama ta yi ja-ja, piyanon Ludovico Einaudi yana bi a hankali. Da farko yana ratsa zuciya. A karo na shida sai mutum ya lura cewa an daina jin sanyi. Duwatsun sun koma ado, motar ta koma abin sha'awa, an dawo dab da hoton nan na Instagram, sai dai an sa tsohuwa a madadin budurwa. Wanda ya kalla a ƙaramin allon waya zai fi saurin gane haka, domin girman filin da ke ruɗar ido a sinima ya tafi, saura fuskoki da abin da suke faɗa, kuma a nan ake ganin wuraren da fim ɗin yake da abin cewa da wuraren da kiɗa ne kawai yake riƙe da shi.

A ƙarshe hunturu ya zagayo, Fern ta koma Empire. Ta rabar da kayan da ke ɗakin ajiya, ta shiga masana'antar da ƙura ta rufe, ta shiga gidansu da ba kowa. A baya ta taɓa ba da labarin cewa bayan gidan fili ne kawai har zuwa duwatsu. Ta fita ta ƙofar bayan ta bar ta a buɗe. A wannan wurin kam kyan hoton ya yi aikinsa, domin mun san wanda ya zauna a gidan da abin da aka rasa. Daga nan sai ga motar a kan titi, ƙanƙara a gefe da gefe. Aikin sito ya ƙare sai wata shekara, kuɗin 'yar'uwarta na kanta, motar kuma ita ce wadda bakanike ya ba ta shawarar ta rabu da ita.