Jinjina ga Masu Karanta Jini a Kaltungo

Masu jinyar saran maciji a Kaltungo, jihar Gombe, sun cancanci jinjina, don sun iya karanta jini da ido. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, shi ya sa suke ɗibar mililita 2 na jinin wanda aka sara su zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, ba roba ba, su bar ta minti 20 kafin su karkata ta. In ya zubo tsululu, a ba da maganin dafi. Bayan awa 6 a sake gwadawa. Za a ce na'urar gwajin jini ta fi gano ƙaramar matsala, kuma haka ne. Sai dai na'ura tana son wuta da kuɗi, manomin da dasashinsa ke zubar jini kuwa ba ya iya jira.