Fuskar Aro: Daga Kigurumi zuwa Tashe

A Japan akwai masu wani wasa da ake kira kigurumi. Mutum zai zura matsattsiyar riga mai launin fata tun daga wuya har yatsun ƙafa, sannan ya kifa wa kansa ƙoƙon roba mai dara-daran idanu da ɗan mitsitsin baki, irin fuskar zanen anime. Ta wata ƴar kafa yake leƙen duniya. Babbar ƙa'idar wasan ita ce shiru. Yawancin masu sakawa maza ne, fuskar kuwa ta budurwa, don haka tari ɗaya ya isa ya tona asiri. Sai dai ɗaga hannu da karkata kai. Akan gan su a tarukan masu shigar anime, waɗanda ɗaya daga cikin manyansu aka fara shi a Nagoya a 2003.

Yaron Belbeji ko Tanut da ya ci karo da wannan a waya zai fara tausaya wa mutumin ne: wa zai kifa roba a ka cikin zafin bazarar Damargu? Amma aron siffa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Da azumi ya kwana goma ake fara tashe a ƙasar Hausa, yara su manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su shafa gawayi ko farar ƙasa, su bi gida-gida. A Kano mai sarautar Nalako ke jagorantar tashen gwauro. A Damagaram ga wasan kara, inda talaka ke fitowa a shigar sarki ko shugaban ƙasa, har da dogarai da jiniya ta baka.

A nan hanyoyin biyu suka rabu, kuma a ganina rabuwar ta fi kamannin muhimmanci. Ɗan kigurumi so yake ya ɓace, zanen ya rayu a madadinsa. Gwanintarsa ita ce kada a tuna akwai mutum a ciki. Ɗan tashe kuwa idan ba a gane shi ba, ya yi asara. Daɗin wasan shi ne matar gida ta ɗaga fitila ta ce, "Kai, ba ɗan gidan Malam ba ne wannan?" a fashe da dariya, a ba shi hatsi ko ɗan canji. Gemun audugar da ke neman faɗuwa ba kuskure ba ne, cikin wasan yake. Kuma tashe da baki yake ci: waƙa, amshi, habaici ga marowaci da malamin tsibbu da tsohon da ya ƙi girma. A cire murya, a ga abin da ya rage.

Inda Bahaushe ya rufe fuska sosai shi ne dodo, kuma abin mamaki, a wajen gida ya fi bunƙasa. Fataken Hausa ne suka kai wasan dodo Wagadugu, inda har yau yara ke sassaƙa fuskokin dabbobi da ƙwarya su fito rawa cikin daren azumi. Ko a can ɗin, mai fuskar rawa kawai yake yi. Mawaƙi da makaɗa suna gefensa, su suke yi masa magana.