Golmo a Ma'aunin Fiƙihu: Sharhi kan Yadda Ɗalibanmu ke Rubutu a kan Ƙasar Zuru

 

A 'yan shekarun nan kundayen ɗalibai da suka shafi al'adun ƙasar Zuru sun riƙa biyowa ta hannuna. Na baya-bayansu, wanda mai shi ya yi zaman tattara bayanai a garin Manga, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba zan kama sunan kowa ba, domin aibin da nake nufi daga gare mu malamai ya samo asali: hanya ce muka nuna, su kuma suka bi. Ɗalibi zai jero al'adun Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, ya raba takarda gida biyu, nan waɗanda suka dace da Musulunci, can waɗanda suka saɓa, ya jefa kowace inda ya ga dama, ya rufe da shawarar a ƙara ƙaimi wajen wa'azi. Mai karatu zai gama kundin bai san yadda gari kamar Manga ya riƙa gudanar da kansa ba tun kafin alƙali ya iso.

Golmo shi ne inda wannan rauni ya fi bayyana. A al'adar Lelna, saurayi yakan yi wa mahaifin yarinyar da zai aura noma shekara bakwai, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba: samari tsara ɗaya sukan haɗu, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan. A bikin Uhola, bayan an kawar da amfanin gona, ake karrama waɗanda suka kammala. Kundayen sun kasu biyu a kansa. Wasu sun ce sayar da 'ya ne, suka yanke masa hukuncin jahiliyya. Wasu kuwa, musamman 'yan ƙasar, sun ruga zuwa aya ta 27 ta Suratul Ƙasas, inda dattijon Madyana ya aurar wa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, 'yarsa bisa aikin shekara takwas, suka ce ga hujja nan, magana ta ƙare.

Duka biyun gaggawa ce. Mai kafa hujja da ƙissar Annabi Musa ya shiga mas'alar shari'ar waɗanda suka gabace mu ba tare da ya sani ba, kuma ya tsallake saɓanin da ke cikin mazhabarsa. Ibn Rushd ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa Malikawa suna da zance uku kan sanya aiki a matsayin sadaki: halasci, da hani, da karhanci. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tambayar wa ke da amfanin. Aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta mallaka wa mace sadakinta, alhali dawar golmo rumbun uba take shiga. A nan Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta yi maganar da ban gani ko a kundi ɗaya ba: abin da uba ya shardanta wa kansa wajen ɗaura auren 'yarsa, haƙƙin 'yar ne idan ta nema. To, guminsa na shekara bakwai fa? Idan sharaɗin aure ne, ashe yarinya tana da abin faɗa a kansa. Idan kuwa taimakon suruki ne da al'ada ta ɗora, sai a yanka mata sadakinta daban, ko da rubu'in dinari ne. Wannan ita ce mas'alar da ta cancanci babi guda, aka bar ta.

Masu cewa sayar da 'ya ne kuma sun ɗauki golmo a matsayin farashi, ba su lura cewa tsarin riƙon gari ne ba. Ta hanyarsa ake sanin wa ya isa a kira shi namiji, wa zai jure rana da umarnin na gaba. Dattijon da ƙarfinsa ya ƙare bai rasa mai yi masa huɗa ba, kuma gidaje biyu sun daɗe suna auna juna kafin a kai amarya. Mutanen da suka zauna a bakin duwatsu suna tsare kansu daga hare-haren Kwantagora a ƙarni na 19 sun buƙaci samari masu horo da haɗin kai. Ba ina cewa wannan ya wanke kowane sashe na al'adar ba. Ina cewa wanda bai san aikin da abu yake yi ba, ba zai san abin da zai rushe idan ya cire shi ba. Alƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya gargaɗi mai fatawa a littafinsa Alfuruƙ da kada ya ɗora wa baƙo al'adar garinsa, ya fara tambayarsa al'adar inda ya fito. Muna karantar da wannan a aji, sai ɗalibi ya je Manga ya auna ta da mudun Sakkwato.

Akwai wurin da kundayen suka yi gaskiya, kuma ba zan rage musu ba. Dokar gargajiya a wannan ƙasa ta jingina da tsafi, musamman magiro, wanda tsoronsa ke sa mai laifi ya bi hukuncin dattawa. Musulmi ba shi da rabo a cikin wannan, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai yi sassauci ga mai haɗa Musulunci da tsafi ba a Nurul Albab. Sai dai wajibi ne a rarrabe tsakanin hukunci da abin da ake tsoratarwa da shi. Hana cin iyakar gona da tilasta wa ɓarawo ya mayar da abin da ya ɗauka adalci ne, ko da an rataya shi a wuyan dodo. Idan aka cire dodon, sai a tambaya me ya maye gurbinsa: mai unguwa, ko limami, ko fasto a gidajen Kirista, ko kotu? Ƙasar Zuru wuri ne da za ka tarar da addini uku a zuriya ɗaya, kuma jihar Kebbi ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. Rikicin gado ko na aure a irin wannan gida, gaban wa ake fara kai shi? Babu kundin da ya bi ko shari'a ɗaya daga zaure zuwa kotu.

Game da madogara, ɗalibanmu suna kwafo daga maƙalar P. G. Harris ta 1938 da littafin Gunn da Conant na 1960 kamar jiya aka rubuta su. Harris jami'in mulkin mallaka ne, kuma Turawa sun fi son basarake ɗaya da za su riƙe da alhakin haraji a kan taron dattawa na kowane gari. Masarautar Zuru ta yau, da sassanta na Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, bai kamata a haska ta baya a ce haka abin yake tun fil azal ba. Littafin da Augi da Lawal suka tace a 1990 kan tarihin mutanen masarautar ya fi kusa, amma shi ma ya haura shekara talatin, kuma boko da aikin soja da kuɗi sun sauya golmo ƙwarai.

Abin da ya fi damuna shi ne jimla ɗaya a kundin Manga, inda marubucin ya nuna shakka kan ingancin auren waɗanda suka yi golmo kafin su musulunta. Wannan magana tana taɓa nasabar mutane masu rai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, ta bayyana cewa ma'aurata idan suka musulunta tare suna nan a kan aurensu, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai umarci sahabbai su sake ɗaura aurensu na jahiliyya ba. Na nemi a goge jimlar. Na kuma roƙi mai kundin ya koma Manga ya tambayi dattawa yadda suke yi idan saurayi ya yi noma shekara biyar sannan aka hana shi yarinyar, domin malamanmu na baya, irin su Dardir, sun bar wa sharaɗi da al'ada ƙofa a hukuncin mayar da kayan neman aure, kuma amsar dattawan za ta shiga cikin fatawar kanta.