Wa ya cinye ƙauyen? Sharhi a kan labarin fitowar da ta wuce

A fitowar da ta wuce, wani ɗan'uwanmu na ƙungiya ya ba mu gajeren labari a kan ƙauyen da birni ya haɗiye. Da yawa kun karanta, a fada ma an yi ta yabonsa har shayi na uku ya huce. Ni ma na ji daɗinsa. Amma tun da mun yi alkawari ba za mu riƙa ɓoye wa juna gaskiya ba, bari in faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga wanda bai samu takardar ba: wani tsoho ne da gonarsa a gefen babban gari. Masu awo suka zo suka kafa turakun siminti, cikin ƴan shekaru gona ta zama unguwa. Tsoho ya koma gindin gawo ɗaya da ya rage yana hawaye, jikansa kuma ya zama mai gadin gidan da aka gina a kan gonar kakansa. Inda ya fi burge ni shi ne daren da tsohon ya ɓace hanya yana dawowa daga masallaci, saboda katangu sun toshe turbar da ya bi shekara da shekaru. Wurin nan wallahi ya yi, kada ka taɓa ko kalma ɗaya.

Matsala ta farko, ƙauyen ba shi da suna. An ce akwai kogi, akwai gada, akwai jami'a kusa. Duk wanda ya zauna Yamai ya gane Harobanda ake nufi, to mi ya hana a faɗa? Ni ɗalibin ilimin harsuna ne, kuma abin da karatun nan ya fara koya mini shi ne sunan wuri takardar tarihi ce. Lamorde da Fulatanci wurin sarauta ke nan: sunan kaɗai ya shaida cewa akwai gari da sarki a nan tun kafin a yi gadar Kennedy a 1970, lokacin da sai da jirgin ruwa ake ƙetarawa. Harobanda kuwa Zabarmanci ne, bayan ruwa, suna ne na wanda yake tsaye a ɗaya gaɓar yana hange. Ku dubi sauran unguwanni. Bukoki bukkoki ne. Kwara Tegi sabon gari. Sai ga na baya-bayan nan: Rekazma, Yamai 2000, Frankofoni da ta samo suna daga wasannin 2005. Tsofaffin sunaye suna gaya maka wa ya zauna da yadda ya zauna, sababbin kuma lambar shiri ce ko sunan biki. Marubucin da ya cire suna daga ƙauyensa ya yi masa irin abin da masu awo suka yi, ya mai da shi fili.

Ta biyu, bakin mutanen labarin. Tsohon yana Hausa tatacciya, babu kalmar Faransanci ko ɗaya, kamar mai karanta labarai a rediyo. Ni shekara biyu ina haya a ƙetaren kogi, a gidan wani dattijo da aka haifa a wurin tun ana kiwo a inda ɗakina yake yanzu. Da iyalinsa Fulatanci yake yi, a kasuwa Zabarmanci, da ni Hausa, in kuwa maganar ƙasa ta taso sai ka ji parsel, lotisma, meri. Ban ce ka rubuta labarin da harsuna huɗu ba, da Hausa muke rubutu. Amma ka bar mu mu ji inda harshe yake canzawa, domin a nan labarin yake.

Ku lura da kalmomi uku: gona, fili, parsel. Ƙasar ɗaya ce. Gona ana auna ta da damin hatsin da ta bayar, iyakarta gamba ce ko wani icce da kowa ya sani, shaidarta maƙwabta da mai gari. Ranar da aka daina shuka ta, ana jiran mai saye, ta zama fili. Parsel kuwa ana auna ta da mita, tana da lamba, shaidarta takarda ce mai hatimi. Dokar ƙasar karkara ta 1993 ta yarda cewa ana mallakar ƙasa ta hanyar al'ada kamar yadda ake mallakarta da rubutu. Amma in gari ya iso, wanda ke riƙe da takarda shi ke barci da daɗi. Da tsohon labarinka ya furta parsel sau ɗaya da bakinsa, yana jin nauyin kalmar, da ya fi shafi guda na hawaye tasiri.

Ta uku ita ce babba. A labarin, birni dodo ne da ba shi da fuska: ya zo, ya cinye, ya wuce. Tsoho kuma bai yi komai ba sai kuka. Wata rana na tambayi mai gidanmu: «Baba, ba ka kewar gonar?» Ya yi dariya ya ce: «Ɗana, gonar nan ni na saida rabinta da hannuna. Da kuɗin na gina ɗakunan ga da kuke ciki, na aurad da ɗiya biyu. Damana takan yi ƙarya, wata ba ya ƙarya.» Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce abin da ke hana shi barci shi ne jikokinsa, su ba su da abin saidawa. Ka ga mutum ke nan, ya yi lissafi, ya ci riba, ya yi asara, kuma ya san duka biyun. Tsohonka bai samu wannan mutuncin ba.

Sannan wane ne birnin? Mu ne fa. Ni da na taho daga Maradi, kai daga Damagaram, wancan daga Tawa, kowa da jakarsa yana neman ɗaki mai kuran da pampo kusa da jami'a. Kuɗin hayar da muke biya duk ƙarshen wata su ne suke gaya wa mai gona cewa bulo ya fi gero. Da aka buɗe gada ta biyu a 2011 hanya ta ƙara sauƙi, gini ya ƙara yawa, har a kwarin da manoma suka san na ruwa ne. Ambaliyar 2020 da ta shiga Lamorde ba ta tambayi wa ke ɗan gari wa ke ɗan haya ba. Duk wannan babu shi a labarin, kuma ina zargin dalili: ya fi sauƙi mu tausaya wa tsoho daga nesa da mu ga kanmu cikin masu kwana a kan gonarsa.

Abin bai tsaya ga Yamai ba. Kowanenmu ya san wani ƙauye a bakin garinsu da turakun siminti suka fara kewayewa. In za mu rubuta shi, mu je mu zauna da mutanen, mu tambayi sunan kowace gona da kowace rijiya tun masu sani suna raye, mu rubuta maganarsu yadda ta fito.

Ɗan'uwa, shawarata ka sake labarin. Ka bar daren ɓatan hanya yadda yake, ka ba ƙauyen sunansa, ka bar tsohon ya ƙirga kuɗi, kuma ka sa ɗalibi ɗan haya a ɗaya daga cikin ɗakunan. In kana so, ran Juma'a bayan salla in kai ka wurin Baba, ya ce ƙofarsa a buɗe take. Amsarka kuma muna jiran ta a fitowa mai zuwa.