Yaƙin Kan Tebur da Darar Dayi

A shekarar 1987 wani kamfani na Ingila mai suna Games Workshop ya fito da wani wasa wanda ake ce da shi Warhammer 40,000. Labarinsa ƙage ne: wai bayan shekara ta 40,000 'yan Adam sun bazu cikin taurari, suna ta gwabzawa da waɗansu halittu.

Ga yadda ake yinsa. Mutum ya sayi 'yan sojojin roba, yawancinsu ba su kai tsawon yatsa ba, ya harhaɗa su, ya yi musu fenti da hannunsa. Sa'an nan mutum biyu su jera rundunarsu a kan tebur, suna auna tafiyar kowane soja da inci. In an yi harbi sai a jefa 'ya'yan ludo masu fuska 6, su ne za su nuna ko an samu ko an kuskure.

Abin yabo ba kaɗan ba ne. Fentin nan sana'a ce sosai, tana koya wa yaro haƙuri da natsuwa, awon kuwa lissafi ne.

Amma a auna shi da darar da Hausawa ke yi, irin wadda manomin Dayi, a ƙasar Malumfashi, zai zauna wa a gindin bishiya bayan an kai dawa rumbu. Gidaje 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsinken kara, wancan tsakuwa. Wanda ya jera 3 ya ci ɗan abokinsa. Ba a kashe ko anini, ba kuwa ruwanta da sa'a. In an cinye ka, dabara aka fi ka, ko da kai ne mai kuɗin garin. A wancan wasan kuwa, gwani ya shirya yaƙinsa tsaf, ɗan ludo ya juya masa baya, shi ke nan. Masu sonsa sun ce ai haka yaƙi yake. Gaskiya ne, amma a ganina wannan ya rage wa gwaninta daraja.

Babban aibinsa dai kuɗi. Runduna guda tana cin abin da manomi zai tsaya ya yi tunani, kamfanin kuma yakan sake dokoki. A 2023 aka yi bugu na 10, sai mai wasa ya koma koyo, wata sa'a har sojan da ya sha wahalar fentinsa ya zama ba shi da wani ƙarfi a sabon littafin.